Cinikin biri a sama: kafin ɗanka ya sa hannu a zagayen alƙawari na jami'o'in Amurka

Da zarar Oktoba ta kama, akwai wata magana da ke yawo a bakin masu shirya yara neman gurbi a jami'o'in Amurka, kuma bana ma ta sake dawowa. Wai yaro ya nema ta tsarin da suke kira Early Decision hankali kwance, tunda "idan kuɗin bai isa ba ai yana iya fita." Abin da ke ba ni haushi da wannan magana shi ne rabinta gaskiya ce, shi ya sa iyaye ke saurin yarda da ita.

Ga matsayina tun daga farko. Gidan da ke buƙatar tallafin karatu kada ya sa hannu a wannan tsari sai ya san, da alƙalami a takarda, kusan nawa za a ce ya biya, kuma ya tabbata zai iya biyan hakan shekara huɗu a jere. Wanda yake fatan wata jami'a ta yi masa rangwame fiye da wata, ko yake jiran tallafin ƙwazo ya cike masa giɓi, ya bar tsarin nan ya wuce. Ba dominsa aka yi shi ba.

Yadda abin yake a taƙaice

Zan kira shi zagayen alƙawari. Ɗalibi yana zaɓar jami'a ɗaya tak, ya miƙa takardunsa zuwa 1 ko 15 ga Nuwamba, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Mutum uku ke sa hannu a takardar alƙawarin: ɗalibin, mahaifi ko mariƙinsa, da malamin makarantar sakandare mai ba da shawara. Idan an ɗauke shi, zai janye duk sauran takardun da ya aika wa wasu jami'o'i, ya biya kafin alƙalami. Wasu jami'o'in suna da zagaye na biyu mai irin wannan sharaɗi, ana rufewa farkon Janairu, amsa a Fabrairu.

A zagayen kowa da kowa kuwa, ana miƙa takardu farkon Janairu, amsoshi su fito ƙarshen Maris, kuma ɗalibi yana da har 1 ga Mayu ya yanke shawara. Wato yana da kusan wata guda da wasiƙun tallafi uku ko biyar a gabansa, yana auna su.

Wannan watan shi ne abin da mai sa hannu a Nuwamba yake sayarwa. Kuma talaka ko mai matsakaicin hali ba shi da wani makami a wannan kasuwa da ya wuce shi.

Me ya sa kwatance yake da tsada haka

Kuɗin shekara guda a manyan jami'o'i masu zaman kansu, idan an haɗa karatu da ɗaki da abinci da littattafai, ya haura dala 90,000 a da yawa daga cikinsu. Ba kowa ne ke biyan haka daga aljihu ba. Sauran suna biyan abin da jami'a ta lissafa cewa suna iyawa, kuma a nan rikicin yake, domin kowace jami'a da irin lissafinta.

Fom ɗin neman tallafi na gwamnatin tarayya, FAFSA, ƙa'idarsa ɗaya ce ga kowa. Amma yawancin jami'o'in da ke da zagayen alƙawari suna neman fom na biyu, CSS Profile na hukumar College Board, wanda yake tono abubuwan da na gwamnati bai damu da su ba: darajar gidan da ake zaune a ciki, kuɗin shigar uban da ya rabu da uwar yaro, da sauransu. Wata jami'a ba ta ƙirga gidan zama sam. Wata tana ƙirga wani ɓangare nasa. Wata tana ƙirga shi gaba ɗaya. Gida ɗaya, takardun haraji ɗaya, amma amsa uku.

A ce jami'o'i biyu duk sun rubuta wa yaro "tallafi na dala 60,000." Ta farko duk kyauta ce, ba a mayarwa. Ta biyu kyautar 51,000 ce, sai bashin gwamnati na 5,500 da aikin cikin makaranta na 3,500, wanda sai yaro ya samu aikin ya kuma yi shi kafin kuɗin ya shigo hannunsa. Bambancin dala 9,000 ke nan a shekarar farko kawai, kuma bashin yana hawa: iyakarsa 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 daga ta uku. Wanda ke riƙe da wasiƙa ɗaya ba zai taɓa sanin ko ta farko ya samu ko ta biyu ba, tunda ba shi da abin da zai jera ta da shi.

Sannan akwai roƙon ƙari. Ofisoshin tallafi suna sake duba lissafi idan an kawo musu hujja, kuma hujjar da ta fi yin tasiri a wasunsu ita ce wasiƙar wata jami'a tsararsu da ta ba da fiye da haka. A watan Disamba babu wannan wasiƙar. Mai saye ya riga ya rantse ba zai leƙa rumfar maƙwabci ba, sannan ya ce zai yi tayi.

"Ai akwai ƙofar fita"

Akwai ta. Takardar alƙawarin da ke cikin Common App, fom ɗin neman gurbi da jami'o'i da yawa ke amfani da shi tare, ta faɗa ƙarara cewa ɗalibin da ya nemi tallafi, aka ba shi abin da bai isa ya halarci makarantar ba, yana iya ƙin karɓa a sake shi. Kuma ba yarjejeniya ba ce da ake kai mutum kotu a kanta.

Amma a duba ƙofar da kyau. Abin da ta ba ka shi ne ikon cewa "a'a" ga jami'ar da ka fi so a duniya, a cikin 'yan makonni, ba tare da sanin me sauran za su bayar ba. Idan ka fita gurbin ya tafi. Idan kuma sauran suka zo a Maris da abin da bai kai nata ba, sai cizon yatsa. Shi ya sa gidaje da yawa ba sa fita. Sai su runtse ido su ci bashi, domin gaya wa yaro ɗan shekara 17 cewa jami'ar da ta ɗauke shi, ya riga ya sanar da abokai, ba za a je ba, abu ne da iyaye ƙalilan ke da zuciyar yi.

Hanyar bashin ma ta ƙuntata. A da iyaye suna iya cin bashin gwamnati na Parent PLUS har ya rufe duk giɓin da ya rage. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙayyade shi ga sababbin masu ci a dala 20,000 a shekara, jimilla 65,000 ga kowane ɗa, daga 1 ga Yulin 2026. Abin da ya haura nan sai bankunan kasuwa, da ruwansu da sharuɗɗansu. Ga iyayen da ke gudun riba saboda addini kuwa, duk wannan babin a rufe yake tun asali, don haka kuskuren lissafi a wurinsu ba shi da magani.

Akwai kuma matsalar lokaci. Amsa ta fito 15 ga Disamba, ofisoshi su tafi hutun ƙarshen shekara, sauran jami'o'i su rufe karɓar takardu daga 1 ga Janairu. Yaron da ya zuba ƙwazonsa duka a jami'a ɗaya, bai rubuta muƙalun sauran ba, zai yi aikin wata biyu a mako biyu, da karyayyar zuciya.

Kuma wa ke fassara "bai isa ba"? Jami'ar da ta lissafa buƙatarka da nata ma'auni, ta cike ta da bashi da aiki, a wurinta ta sauke nauyi. Yawanci idan an yi magana ta gaskiya da hujjoji sukan saki ɗalibi ba tare da ja-in-ja ba. Amma wanda ya zame ba bisa ƙa'ida ba, abin yakan shafi na baya. Malamin da ya sa hannu yana iya ƙin aika sakamakonsa wani wuri. A 2018 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta binciki yadda wasu kwalejoji ke musayar sunayen waɗanda suka ɗauka a wannan zagaye. A 2025 aka ruwaito cewa Jami'ar Tulane ta hana wata makarantar sakandare a jihar Colorado shiga zagayen na shekara guda bayan wani ɗalibinta ya janye. Laifin mutum ɗaya, ƙannensa suka sha hukunci.

"Amma damar shiga ta fi yawa"

Wannan ita ce hujjarsu mai ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ba gaskiya ba ce. Binciken da Christopher Avery da abokan aikinsa biyu suka fitar a 2003 ya nuna cewa nema da wuri yana ƙara wa ɗalibi dama kwatankwacin ƙarin maki 100 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. Jami'o'i irin su Jami'ar Pennsylvania suna cike kusan rabin ajinsu tun a Disamba. Wanda ya jira Janairu yana kokawa da dubun dubata a kan ragowar kujeru.

Sai dai alƙaluman da ake yaɗawa suna da kumburi. A cikin waɗanda ake ɗauka da wuri akwai 'yan wasan da kociyoyi suka riga suka zaɓa, akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, akwai waɗanda suka shigo ta shirye-shirye na musamman. Idan aka cire su, tazarar da ta rage wa yaro gama-gari tana nan, amma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Jami'o'in ma sun san wa tsarin yake yi wa aiki. A 2006 Harvard ta sanar da soke karɓar takardu da wuri, tana cewa yana fifita waɗanda dama suke da gata. Princeton da Jami'ar Virginia suka bi ta. Sauran suka ƙi bi, suka ci gaba da kwashe ɗalibai tun Disamba, har a 2011 Harvard da Princeton suka dawo da tsarin wuri, amma wanda ba ya ɗaure ɗalibi. Jami'a tana son zagayen alƙawari ne domin duk wanda ta ɗauka zai zo, kuma tana sanin kuɗin shigarta da wuri. Wannan riba ce ta halak a wurinta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a shirya ciniki don amfanin mai sayarwa, sannan a gaya wa mai saye mara ƙarfi cewa alfarma aka yi masa.

Wanda yake son amsa da wuri ba tare da ɗauri ba yana da hanya. Harvard, Yale, Princeton da Stanford suna karɓa a Nuwamba, su hana ka nema da wuri a sauran masu zaman kansu, amma su bar ka har Mayu ka yanke shawara. MIT da manyan jami'o'in jihohi da dama suna da zagayen wuri wanda ba shi da alƙawari.

"Jami'o'i masu arziki ba sa rage wa na Disamba tallafi"

A waɗanda suka yi alƙawarin cike duk buƙatar da suka lissafa, na yarda. Ma'auninsu ɗaya ne ko a Disamba ko a Maris. Amma su 'yan tsiraru ne cikin dubban makarantun ƙasar. A sauran, kaso mai tsoka na rangwame yana zuwa ne da sunan tallafin ƙwazo, wanda a zahiri kuɗin zawarci ne, ana ba da shi don jawo ɗalibin da ake tsoron zai tafi wani wuri. Wanda ya riga ya sa hannu, da me za a zawarce shi?

A nan ne ake ganin abin mamaki: gida biyu ne suka fi aminci a zagayen alƙawari, mai kuɗi sosai da talaka sosai. Na farko ba ruwansa da wasiƙar tallafi. Na biyu, idan albashi ne kawai yake da shi, ba gida ba shago, lissafinsa a fili yake, kuma a jami'a mai cike buƙata ba tare da bashi ba kusan komai za a ɗauke masa. Irin wannan yaro, idan a Amurka yake sakandare, ya duba shirin QuestBridge, inda zai jera jami'o'i har 15, kuma idan aka haɗa shi da ɗaya, tallafin shekara huɗu cikakke ne. Ɗauri ne shi ma, amma ɗaurin da aka san farashinsa tun kafin a shiga.

Na tsakiya shi ne a cikin haɗari. Ɗauki Bahaushen Kumasi ko na Maraɗi da ke zaune a Bronx, wani yanki na birnin New York, yana da motar haya tasa ko ɗan shago. Kowace jami'a doka ta tilasta mata tun 2011 ta sa manhajar ƙiyasin kuɗi a shafinta, kuma ga mai albashi tana kusantar gaskiya. Ga mai sana'ar kansa takan yi kuskure babba, saboda ofishin tallafi yana iya mayar da wasu kuɗaɗen da ya cire a takardar haraji cikin kuɗin shigarsa. Gidan da ya gina a gida don tsufansa kadara ce da sai ya bayyana. Kuɗin da yake aika wa iyaye da ƙanne duk wata ba ya cikin ma'auni, sai dai ya rubuta a gurbin bayani na musamman ya yi fatan mai karantawa ya tausaya. Idan aure ya mutu, za a nemi bayanan ɗaya mahaifin ko da ba ya ba da ko sisi, kuma neman a yafe wannan sharaɗi aiki ne mai buƙatar shaidu. Tun daga fom ɗin 2024 zuwa 2025 ma'aunin gwamnati ya daina raba nauyi idan yara biyu suna jami'a lokaci guda, ko da yake wasu jami'o'in suna la'akari da hakan a nasu lissafin. Mutumin da duk waɗannan suka taru a kansa, ƙiyasi ba zai yi masa ba. Sai ya ga wasiƙu.

Wanda ke nema daga Kano ko Yamai

Lissafinsa daban ne, kuma a nan ra'ayina ya ɗan sassauta. Ɗan ƙasar waje ba shi da FAFSA, ba shi da tallafin Pell da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, ba shi da bashin gwamnati. Dogaronsa kacokan a kan asusun jami'a yake. 'Yan kaɗan ne ba sa duba aljihunsa wajen ɗauka kuma su cike buƙatarsa: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth, Bowdoin, sai Brown da ta shigo daga baya, da wasu ƙalilan. Amherst, Dartmouth, Bowdoin da Brown suna da zagayen alƙawari. A sauran, yawan abin da ka nema yana rage damar ɗaukarka.

Gaskiya mai ɗaci ita ce yaron da ke buƙatar cikakken tallafi daga waje da wuya ya samu wasiƙu uku da zai kwatanta. Samun ɗaya ma babban rabo ne. Don haka abin da yake sayarwa a Nuwamba bai kai na ɗan Bronx tsada ba, kuma sa hannu a jami'ar da ke cike buƙatar 'yan waje yana da ma'ana.

Tarkonsa a wani wuri yake. Wasu suna rage abin da suke nema, ko su ƙara adadin da suka ce gida zai iya biya, don a ɗauke su. Wannan adadin zai bi su shekara huɗu, kuma jami'o'i da dama ba sa barin ɗan waje da bai nemi tallafi tun farko ba ya nema daga baya. Adadin kuma da dala yake. Uban da ya yarda da dala 8,000 a shekara lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin hukuma a farkon Yunin 2023 ya yi lissafin naira miliyan 3 da dubu 680. A Fabrairun 2024 da ta haura 1,500, nauyin ya koma miliyan 12, albashinsa yana inda yake.

Sai a tambayi abin da "cikakke" ya ƙunsa: inshorar lafiya, tikitin jirgi, kayan sanyi, wurin zama lokacin hutun hunturu idan an rufe ɗakunan kwana. Ɓangaren tallafi da ya wuce kuɗin karatu, kamar na ɗaki da abinci, ana iya cire masa harajin kashi 14 cikin 100. Aiki a cikin makaranta ba ya wuce awa 20 a mako lokacin zango. Kuma kafin a ba da takardar I-20 ta neman biza sai an nuna shaidar kuɗin shekarar farko.

Abin da za a yi kafin alƙalami ya taɓa takarda

A cike manhajar ƙiyasin jami'ar da ainihin takardun haraji, na shekara biyu baya, domin su ake amfani da su. A buga sakamakon a ajiye da kwanan wata, zai zama hujja idan wasiƙar Disamba ta saɓa masa. A cike ta wasu jami'o'i uku ko huɗu da yaro zai iya samu. Idan ta jami'ar alƙawari ta fi su tsada da dubbai, an riga an ga amsa.

A nemo kundin alƙaluma da kusan kowace jami'a ke wallafawa, Common Data Set. Sashe na C21 yana nuna yawan masu nema da waɗanda aka ɗauka a zagayen alƙawari. H2 yana nuna kaso nawa na buƙata take cikewa a matsakaici. H2A na tallafin ƙwazo ne. H6 yana faɗin 'yan waje nawa suka samu tallafi da matsakaicin abin da aka ba su. Jami'ar da H2 ɗinta ya ce kashi 80, ka san sauran 20 ɗin naka ne, a kan abin da dama aka ce ka biya.

A rubuta wa ofishin tallafi tambayoyi, a karɓi amsa a rubuce: shin akwai bashi a cikin kunshin? Yaya ake ƙirga gida da sana'a? Idan yaro ya samo tallafi daga wata ƙungiya ta waje, bashi za a rage masa ko kyautar jami'a? Me zai faru idan yayansa ya gama jami'a? Sannan iyaye su gaya wa yaro adadin da ba za su wuce ba tun a Oktoba, kafin ya ƙwallafa rai.

A ganina jami'o'in ne ya kamata su rage wannan wahala. 'Yan wasan da suke so sukan samu ƙiyasin tallafi daga ofis tun kafin su miƙa takardu. Abin da aka iya yi wa mai buga ƙwallo, ana iya yi wa ɗiyar direban tasi. Jami'ar da ke neman sa hannun mutum uku a Nuwamba ta fara ba da nata adadin a Oktoba.

Idan kuma an riga an sa hannu, wasiƙa ta zo da giɓi, kada a janye sauran takardu kuma kada a biya kafin alƙalami tukuna. A kira ofishin tallafi a ranar, a nemi ƙarin lokaci, a aika roƙon sake dubawa da takardun shaida: rasa aiki, kuɗin asibiti, rasit na kuɗin da ake aikawa gida, da ƙiyasin nan da aka buga aka ajiye. A ci gaba da shirya takardun Janairu kamar ba a samu komai ba. Idan ƙarin bai wadatar ba, a sanar da malamin makaranta, a nemi jami'a ta ba da saki a rubuce, sannan a aika sauran takardun kafin ranar rufewa.